Maganin da Aka Ce Baba Ya Riƙe

Ni ne ɗan fari a gidanmu, kuma a wajenmu wannan ba matsayi ba ne da ake taƙama da shi. Mahaifiyar Baba Bafulatana ce daga wajen Doguwa, ita ta zo mana da kunyar ɗan fari garinmu Yako ta dasa ta, ta kuwa kama da kyau. Ana yaye ni aka miƙa ni ga Baffa, ƙanin Baba, wanda katanga ɗaya ce tsakanin gidansa da namu. Na girma ina ganin Baba kullum, ina gaishe shi a durƙushe, yana amsawa yana kallon wani wuri daban. Bai taɓa kiran sunana ba. Da ina yaro "wancan" ne ni, da na fara koyarwa a firamare sai na samu ƙarin girma na koma "Malam". Inna ma ta fi shi, ko gaisuwata a ciki take amsawa. Idan Baba yana son in kai taki gona, Baffa zai faɗa wa, Baffa ya juyo ya faɗa mini, alhali mu ukun muna zaune a zaure ɗaya. Ba ƙiyayya ba ce, kowa ya sani, ni ma na sani. Har furfura ta fara fito mini a gemu abin bai taɓa damuna ba.

Baffa ne ya ga jinin. Ana girbin masara, Baba ya kewaya bayan ɗorawar da ke iyakar gona ya tsuguna, da ya tashi Baffa ya bi ta wurin ya tarar ƙasa ta yi ja, har da gudaji. Baba ya ce tsargiya ce, wane yaro ne bai yi ta ba a zamaninsu na wanka a kududdufi. Baffa ba ya barin magana ta kwana a bakinsa. Ya ce, "Haba Yaya, tsargiyar da ta rabu da kai tun kana kiwon awaki ce za ta dawo ta same ka da jikoki?" Da ya matsa masa, sai ga shi abin yana zuwa yana ɗaukewa tun daminar bara. Ba zafi, ba ciwo, shi ya sa Baba bai ɗauke shi a bakin komai ba.

Daga asibitin Kiru aka tura mu Kano. Ƙanina da Baba yake sakewa da shi yana can Kudu wajen aiki, 'yan'uwana mata suna gidajen mazajensu, ni ne mai karanta takardar asibiti da ke kusa. A karon farko da Baffa muka je. Aka zura wa Baba wata siririyar kyamara ta hanyar fitsari, likita ya kira ni ya nuna mini allo. Na ga wani abu a jikin bangon mafitsara yana kaɗawa cikin ruwa kamar ciyawar bakin rafi. Da ban san ko mene ne ba, da na ce yana da kyau.

Ciwon daji ne, in ji likitan, amma an yi sa'a a fatar ciki ya tsaya, bai kai ga naman mafitsarar ba. Suka yi aiki suka kankare shi. Bayan Baba ya murmure sai likitan ya zaunar da mu ya yi mana bayani dalla-dalla da Hausa. Irin wannan tsiro mai dawowa ne. Don a hana shi, za a riƙa ɗura magani iri biyu kai tsaye a cikin mafitsara, ɗaya bayan ɗaya, sau ɗaya a mako har mako shida, daga nan a koma wata-wata. Idan ya dawo ya nitsa cikin nama, babu sauran dabara sai a cire mafitsarar gaba ɗaya, a huda gefen ciki, a manna jaka, fitsari ya riƙa ɗiga a ciki dare da rana ba tare da mutum ya sani ba.

Baba bai tambayi likita komai ba. Sai a mota, muna dab da Kwanar Dangora, na ji ya ce wa Baffa a hankali, "Mutumin da najasa take zuba a jikinsa ba tsayawa, ina alwalarsa take?" Tun kafin a haife ni wurin Baba a masallacin unguwarmu ɗaya ne, sahun gaba, daidai bayan liman. Ko baƙo ya riga shi wurin, mutane ne za su matsar da shi. Baffa ya dai ce Allah ba zai kai mu can ba.

Ranar Talata aka sa mana. Gwiwar Baffa ba ta jure hawan babur, ga amfani a gona, don haka tafiyar ta koma ni da Baba mu biyu. Bayan Asuba kowa ya hau nasa ɗan acaɓan zuwa bakin titi. A bas shi gaba, ni can baya wajen buhuna. Duk wanda ya gan mu zai rantse a tasha muka haɗu.

Nas ɗin da ke kula da ɗakin wata dattijuwa ce mai saurin magana, wadda ta ga tsiraicin maza har ta daina ganinsa. Ana sa robar fitsari, a ɗura magani na farko, a matse bakin robar, mutum ya kwanta ya jira. In lokacinsa ya cika a kwance a zubar, a ɗura na biyu, sannan a zare robar. Duk wannan ina waje. Sai da aka gama ta leƙo ta ce wanda ya zo da dattijon nan ya shigo. Na shiga na tsaya a bakin ƙofa.

Ta ce, "Baba, na farko mu muka riƙe maka shi da roba. Na biyun nan kai za ka riƙe da kanka. Awa biyu kada ka yi fitsari, ko ya matse ka, zai kuma matse ka. Zamansa a ciki shi ne aikinsa. Ka zubar da wuri, ka zubar da magani."

Tun da ta ambaci fitsari a gabana Baba ya juya fuskarsa bango. Ni kuma na ƙura wa takalmina ido. Ta dube shi, ta dube ni, ta ce, "Wai kurame ne ku? Kun ji ko ba ku ji ba?" Na ce mun ji. Baba ya ce wa bango, "To."

Akwai benci a gindin darbejiya a harabar asibitin, nan ya zauna. Na samu wani dutse nesa kaɗan, inda zan gan shi ba tare da na zama ina kallonsa ba. Ba a jima ba na ga ya fara sauya zama. Ya haɗe gwiwoyi, ya ware, ya dafe cinya. Gumi ya keto masa ta ƙarƙashin hula. Ana cikin haka ladan ya kira Azahar a masallacin asibiti. Baba ya miƙe, ya ɗauki butarsa da ba ya tafiya ba ita, ya nufi layin banɗakuna. Ko rabin awa ba a yi da zare robar ba. Na ce wa kaina alwala zai yi, alhali ina ganin famfunan alwala a ɗaya ɓangaren. Da ya fito fuskarsa ta saki, tafiyarsa ta miƙe. Ya shiga sahun gaba, na tsaya a na baya, kuma har yau ban san abin da na karanta a sallar nan ba.

Mako na biyu tun daga gida nake shirya maganar a bakina. Na jera ta a kan babur, na gyara ta a bas. Da muka zauna a gindin darbejiya na matso, na durƙusa, abin da ya iya fitowa shi ne, "An ce a jinkirta kewayawa sai awa biyu ta cika." Baba ya dubi bishiya ya ce, "An ji." Ladan ya kira salla, ya ɗauki buta.

Ranar na ji haushin da ban taɓa ji ba. Na ji haushinsa, na ji haushin kaina, na ji haushin kakata da ke kabari, Allah ya jiƙanta, wadda ta bar mana wannan gado. Ni da nake tsayawa gaban aji ina yi wa yara tsawa su buɗe baki su yi magana, ga ni zaune a kan dutse ina kallon mahaifina yana ɗauke da maganinsa zuwa masai, na kasa cewa Baba zauna. Da wani tsoho ne can daban, da na riƙe masa riga.

Muna komawa na shiga wajen Baffa na zayyana masa. Da farko dariya ya yi, ya ce Yaya ke nan, ko mala'ikan mutuwa ne ya zo sai ya jira shi ya idar. Can sai dariyar ta ɗauke. Ya jawo sandarsa ya ɗingisa ya shiga gidanmu. Ya daɗe. Da ya dawo bai zauna ba ya fara magana.

"Ɗana, ba mantuwa ba ce, kuma ba rashin ji ba ne. Ya ce tun yana karatun allo aka koya masa ba a tsayawa gaban Ubangiji da matsuwa, kuma abin nan yana matse shi har ba ya sanin raka'a ta nawa ake. Ya ce magani ai ya riga ya taɓa wurin, kamar yadda ake wanke miki a zubar da ruwan. Na farkon ma su da hannunsu suke zubarwa, ba wanda ya ce an yi asara."

Na ce to jam'i ɗaya a mako, a bar shi mana ya wuce.

Baffa ya ce, "Na faɗa masa haka. Ka san me ya ce? Ya ce in dai jakar nan ce ƙarshensa, to sallolin da suka rage masa da tsarki ƙidayayyu ne, ba zai yar da ko ɗaya ba."

Tsoron jakar ne yake sa shi zubar da abin da zai raba shi da jakar, kuma ban ga ta inda zan shiga tsakaninsu ba.

Mako na uku na samu nas ɗin a gefe na roƙe ta a riƙa fara wa Baba da wuri, yadda awa biyun za ta cika kafin Azahar. Ta ce maganin ba a ajiye yake ba, da safen ake haɗa shi a wani sashe, sa'ad da ya iso sa'ad da ya iso, ga kuma layi. Na faɗa mata dalili. Ta shiga ta tsaya a kansa ta ce, "Baba, kana riƙewa kuwa?" Ya ce, "Alhamdu lillahi." Ta ce ba godiya ta tambaya ba. Ya sake cewa, "Alhamdu lillahi, da sauƙi." Ta yi ta faɗa, yana ta cewa to. Ranar ya ɗan daure har aka tayar da iƙama, sannan ya tashi da sauri, ya samu raka'a biyun ƙarshe.

Baffa ya ce mutum ɗaya ne ya rage, liman. Matsalar ita ce limaminmu na yanzu ɗan tsohon liman ne, a gaban Baba aka haife shi, shi ma "Baba" yake ce wa mahaifina. Da muka je masa ya saurara, ya gyaɗa kai, ya ce gaskiya ne addini bai ce mutum ya cuci jikinsa ba, amma ta yaya zai tari sa'an mahaifinsa da zancen mafitsara? A ba shi lokaci ya nemo hanya. Yana neman hanya Talata ta huɗu ta zo ta wuce, buta ta yi aikinta.

Hanyar da ya samo ita ce karatun da yake yi tsakanin Magariba da Isha'i. Ya ajiye babin da ake kai, ya buɗe na majinyaci. Ya ce lokacin Azahar yana da faɗi, mai lalura yana iya jinkirta ta har zuwa dab da La'asar ba laifi a kansa. Ya ce wanda ciwo ya hana shi jam'in da ya saba, ana rubuta masa ladansa cikakke. Ya ce jiki amana ne, kuma idan likita ya ce a riƙe magani a ciki, riƙewar ita ma biyayya ce ga Allah. Bai dubi Baba ba ko sau ɗaya, ga shi kuwa gwiwarsu tana kusan taɓa juna. Masallaci cike, kowa ya san da wa ake, kowa ya sunkuyar da kai yana wasa da zaren tabarma. Baba yana jan carbi, bai ɗaga ido ba.

Talata ta biyar ladan ya kira salla, na ga hannun Baba ya tafi wajen buta, ya tsaya a hanya, ya koma ya damƙi gefen benci. Mutane suna wucewa ta gabansa da hannayen riga a naɗe. Aka tayar da iƙama. Muna jin kabbarar liman ta lasifika, leɓunan Baba suna motsi tare da ita, gumi yana ɗiga daga gemunsa, ƙafafunsa suna rawa. Ban tafi sallar ba ni ma. Ban taɓa jin tausayin wani mahaluki kamar yadda na ji nasa ranar ba, kuma ba ni da ikon ko dafa kafaɗarsa. Da lokaci ya cika na matso na ce wa darbejiya, "Ya yi." Ya tashi da kyar. Daga baya ya yi sallarsa shi kaɗai a barandar masallaci, kamar baƙon da mota ta makarar. Haka ya yi a ta shida ma.

Jini ya ɗauke. Baba ya yi ƙiba, ya koma gona, mutane suka yi ta zuwa barka har daga Bebeji, dangin Inna. Ana ta cewa Allah ya kawo sauƙi, ina amsawa da amin. Kowa yana lissafin mako shida, ni na san biyu ne. Muka shiga na wata-wata, yana riƙewa ba gardama, har na fara lallashin kaina cewa wataƙila an tsira.

Da lokacin sake duba ciki da kyamara ya yi, likita ya kira ni gaban allo kamar farko. Ciyawar nan ta dawo, ba wuri ɗaya ba kuma. Suka sake kankarewa suka aika gwaji. Da sakamako ya fito likita ya zaunar da mu ya ce wannan karon mugun iri ne, ya fara shiga nama. Shawararsa a cire mafitsarar, kuma kada a ja lokaci, domin in ya fita daga cikinta ya bazu, babu abin da wuƙa za ta yi. Ya sa aka kawo jakar ya nuna mana yadda ake manna ta a gefen dama na ciki. Baba bai kalle ta ba, ni ne na karɓa na jujjuya ta. Baba ya ce zai yi tunani.

Da Baba ya fita na tsaya na faɗa wa likitan zancen Azahar, na tambaye shi da an riƙe tun farko da ba haka ba. Ya ce ba wanda zai iya cewa. Akwai masu riƙewa tsaf, ya dawo musu. Ko gaskiyarsa ya faɗa ko sanyaya mini zuciya yake yi, ban sani ba, ban kuma sake tambaya ba.

Muka dawo gida tunanin Baba ya ƙi ƙarewa. Liman ya sake buɗe babin masu lalura, ya ce wanda fitsari ke zubo masa ba da ikonsa ba sallarsa ta yi, ya shiga sahu abinsa. Baba ya ci gaba da jan carbinsa. Ƙanina ya bugo waya daga Kudu ya yi ta magiya, Baba ya tambaye shi lafiyar yara. Baffa ya shiga ya fita har ya gaji, ya ce shi ma yanzu in ya shiga, Baba bango yake juya wa fuska. Wata safiya ya leƙo ya ce mini jinin ya dawo, ya gani a bayan zaure. Kullum sau biyar ina hango ƙeyar Baba a bayan liman, wuyansa yana ƙara sirancewa a cikin riga. Kowace Talata ta zo sai in tashi in jira ko za a aiko a ce mu tafi Kano, rana ta faɗi ba a aiko ba.

Ranar kasuwar Dangora na je sayen igiyar shanu wa Baffa. Ina wucewa ta layin teloli sai telan da yake yi wa gidanmu ɗinki tun ina yaro ya ɗaga hannu daga kan keke.

"Malam! Gara da na gan ka. Zo ka warware mini wani abu."

Muka gaisa, ya jawo wata jamfa da ya yanka bai haɗa ba, ya shimfiɗa a cinyarsa.

"Baba ne ya kawo yadi da kansa. Ya ce in buɗa cikin sosai, kamar ta mai tumbi, ga shi kuwa duk ya rame. Sannan in yi aljihu daga ciki, ta hannun dama, ƙasa da cibiya, yadda ba za a gani daga waje ba. Na tsufa a kan keken nan ba a taɓa sa ni irin wannan ba. Laya zai riƙa sawa ne?"

Hayaniyar kasuwa ta yi mini nisa. Na tambaye shi kala nawa ne.

"Biyu na zaman gida, sai farar shadda ɗaya, ya ce ta Juma'a ce. Yana so kafin Talata, wai zai je Kano ya kwana biyu. Af, har ya ce in na gan ka in faɗa maka ka nemi izini a makaranta."

Yana riƙe da alli yana jira in ba shi amsar tambayarsa. Na karɓi allin na sunkuya na zana masa a kan yadin, na ce ya ƙara wa aljihun faɗi da zurfi, domin na riƙe jakar a hannuna, ta fi yadda Baba yake tsammani girma.